Shekarar da Alhaji Shiru Ya Kafa Mini Kyamara

Na san ban kai shekarun da mutum zai zauna ya rubuta tarihinsa ba. Amma Goggo Asabe ta riga ta ɗauki labarin nan tana yawo da shi gidajen biki da suna, kullum tana ƙara masa gishiri, har an kai inda wai ni ce na bi Bature da gudu ina roƙonsa ya sa ni a fim. Shi ya sa na ce bari in rubuta muku yadda abin ya faru, ku ƙannena, da 'ya'yan da Allah zai ba ni in da rabo, tun tsoron abin bai sake ni ba. Don har yau bai sake ni ba. Shekaranjiya ma masu awon titi suka kafa abinsu mai ƙafa uku kamar kyamara a bakin Tianxiu, benen da shagonmu yake, sai da na tsallaka ɗaya gefen, na bi ta bayan masu gasa nama.

Kun san Goggo yayar Baba ce, kun kuma san ta daɗe tana safarar takalman mata daga Guangzhou ta ƙasar China zuwa Kano. Abin da ba ku sani ba shi ne irin daga da aka yi kafin a bar ni in bi ta. Lokacin na gama sakandare ina zaune a gida, ita kuma gwiwoyinta sun fara ba ta matsala, Turancinta bai wuce na tambayar farashi da cewa ya yi tsada ba. Tana neman wadda za ta riƙa hawa da sauka a madadinta. Baba ya ce a'a. Goggo ta zo ta zauna a shagonsa na ɗinki a Kurna, ta hana shi taka keke, tana tuna masa cewa ita ta goya shi. Da ya ga ba mafita sai ya kira ni, ya cire tabarau, ya ajiye almakashi.

"Bara'atu, ba zan hana ki ba tunda Yaya ta sa baki. Amma ki buɗe kunne. Ranar da na ga fuskarki tana yawo a waya, ko a fim, ko a mene ne, ranar za ki haɗa kayanki ki dawo. Ni ban haifi 'yar kallo ba."

Na ce to. Kuma na riƙe maganar nan gam, don garin ya karɓe ni. Na koyi shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ni kaɗai. Na koyi kiran mai shago lawban, da gane cewa in ya ce meyo, wato babu, wani lokacin akwai, so yake ka ƙara oda. Na koyi lanƙwasa takalmi in ji ko gam ɗinsa zai jure zafin ranar Kano. Ni da ko Sabon Gari ba a aike na ni kaɗai, sai ga ni ina tsayar da mota a kasuwar takalma ta Zhanxi ina nuna wa direba hanya. A raina har na fara ganin ranar da za a rubuta sunana a jikin kwalina. Duk bidiyon da Goggo take aika wa masu sayen kayanta, hannuna kawai ake gani yana juya takalmi. Ko hoton Sallah aka zo ɗauka, bayan mai ƙiba nake tsayawa.

Da kaka ne, lokacin baje kolin Pazhou, sa'ad da benenmu yake cika da baƙi har lif ya riƙa nishi. Ina tsugune a lungun shago ina haɗa takalma ƙafa da ƙafa, sai ga Malam Isufu, dattijon Maraɗi mai shagon fitilun sola kusa da namu, ya yi sallama. Bayansa wani dogon tsoho ne Bature, gashi fari fat, gemu fari fat, tufafi baƙi wuluk tun daga wuya har takalmi. Bai yi murmushi ba. Ya tsaya yana kallon shagon kamar wanda ya zo duba inda aka yi gobara.

Goggo ta dafe ƙirji. "Isufu, wa ya mutu?"

"Hajiya, ba wanda ya mutu. Wanga babban mutum ne daga Otirish. Fim shika yi."

Ostiriya ke nan, su mutanen Nijar haka suke kiranta. Shi Malam Isufu da Faransanci suke magana da tsohon, don haka shi ya zama tafinta, kuma daga bakinsa muka ji tarihin mutumin. Wai shekara hamsin ke nan yana sana'ar. Ɗan mahauci ne a wani ƙauye cikin duwatsu, da kyamarar aro ya fara, yana ɗaukar mahaifinsa yana wanke wuƙaƙe. Yanzu kyaututtukan da aka ba shi sun cika kabad, akwai ƙasashen da in ya shiga zauren kallo ake miƙewa tsaye. Ba ya son 'yan wasa, cewa yake yi sun iya ƙarya da yawa, a titi yake tsinto mutanensa. Yanzu da tsufa ya zo, yana so ya yi fim a kan mutanen da suka bar gida suka zo ƙarshen duniya sayen kaya.

Goggo ba ta ji komai a cikin wannan duka ba sai abu ɗaya.

"Wato Turawa za su ga shagona."

"Za su gani, Hajiya."

"Da lambar waya?"

Washegari ta fito cikin leshin da take ajiye wa ɗaurin aure, da sarƙar gwal, da ɗaurin ɗankwali da sai da ta sunkuya kafin ta shiga lif. Aka kafa kyamara a kan ƙafafunta uku. Tsohon ya zauna a kan kwali, ya ɗaga hannu alamar an fara. Goggo ta ɗauki takalmi a kowane hannu ta shiga gaida jama'ar Turai da kewaye, ta ce akwai mai tsini, akwai flat, akwai na amare, a sari ko ɗai-ɗai. Tsohon ya ɗora yatsa a kan leɓe. Ta rage murya, ta ci gaba. Ya sake ɗora yatsa. Ta koma raɗa, amma ba ta fasa faɗin launuka ba. Kafin azahar duk benen ya san shi da Alhaji Shiru, kuma sunan ya bi shi har ya bar ƙasar. Sunansa na gaskiya ma ban taɓa iya faɗa ba, kamar mutum ya shaƙe da ƙashin kifi.

Can ya ɗaga hannu aka tsaya. Ya juya kansa a hankali, ya nuna lungu. Na waiga in ga me yake nunawa. Bango ne kawai a bayana.

Malam Isufu ya ce, "Ɗiyata, ke shika so."

Na ce, "Goggo, Baba fa."

"Ke tafi can. Fim ɗin Turawa wa zai gani a Kurna? Ni na goya ubanki. Ki zauna kusa da na amaren nan, su fito sosai."

In faɗi gaskiya, tsohon bai tilasta ni ba. Ya matso ya tambaye ni da Turanci, a hankali, ko na yarda. Amma ku kun san gidanmu. Dattijo sa'an kakana yana tsaye a kaina, Goggo tana harara ta ta gefe, da wane bakin zan ce a'a? Na sunkuyar da kai na ce to. Wannan to ɗin ita ce ta ci mini shekara guda.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Malam Isufu ya kawo kwamfuta, wai mu ga irin aikin mutumin. Muka baje a shago da shinkafar da aka kawo daga ɗakin abincin 'yan Ghana. Fim na farko, wani iyali ne zaune suna shan miya. Uba, uwa, 'ya'ya. Ba abin da kake ji sai ƙarar cokali.

Goggo ta ce, "Isufu, ƙara murya."

"Hajiya, ai a ƙure take."

Suka shanye miyar, uwar ta kwashe kwanuka, aka bar mu da tebur. Muka kalli tebur. Na biyu, wata tsohuwa ce tana guga, ƙanƙara tana zuba a bayan taga. Ta goge riga, ta ninke, ta ɗauko wata. Na uku, wani mutum yana wanke motarsa, da ya gama sai ya sake farawa. Kuma a kowanne, kana cikin hamma sai wani ya mutu ba shiri, ba salati, ba wanda zai zo gaisuwa. Sai allo ya yi baƙi.

"To ina waƙar?" in ji Goggo.

"Ba shi sa waƙa."

"Kuma a haka ake ba shi kyauta? Lallai Turawa suna da tausayi."

Ba a jima ba ta fara minshari da cokali a hannu. Ni kuwa na gane abin da su ba su gane ba. A fina-finanmu na gida, in ka fito a bayan jarumi, ƙiftawar ido ka wuce, kana iya rantsewa ba kai ba ne. A fim ɗin wannan mutumin babu wurin ɓuya. In ya kafa wa fuska kyamara, sai mai kallo ya haddace ta kamar karatun allo. Tsohuwar nan mai guga, ko yau na gan ta a kasuwa zan gaishe ta.

Aikina a fim ɗin shi ne kada in yi komai. In zauna tsakanin kwalaye in ci gaba da haɗa takalma, kada in yi magana, kada kowa ya yi magana. Abin da Alhaji Shiru bai lissafa ba shi ne a tsakiyar Hausawa ya kafa kyamararsa. Da an fara, shagon ya yi tsit, har fuskarsa ta fara saki, sai ka ji daga ƙofa:

"Salamu alaikum! Hajiya, ina wuni? Ya kasuwa? Ya China?"

Sai mu amsa baki ɗaya, ni da Goggo da Malam Isufu. Ina gajiya, ya mutan gida, ya aka baro Kano, an yi ruwa kuwa, ya jikin Hajiya babba. Tsohon ya kama kansa da hannu biyu. A sake. Da an sake, wani ya leƙo. Ya sa aka manna takarda a ƙofa, sai mutane suka riƙa tsayawa suna karantawa, sannan su yi sallama su tambayi me aka rubuta. Ya ce to mu daina amsawa mana. Malam Isufu ya gyara hula, ya yi masa doguwar Faransanci, ya juyo ya ce mana:

"Na ce mishi fim nashi ne, amma sallama ba tashi ba ce. In an yi, dole a amsa."

Daga ƙarshe aka yi sulhu. Aka kai wa Malam Isufu kujera bakin ƙofa ta waje, ya zama mai tare gaisuwa. Duk wanda ya zo, a can zai sauke sallamarsa, Malam Isufu ya amsa a madadinmu. Sai dai ƙofar gilashi ce ba ta rufuwa sosai, shi kuma Malam Isufu mutum ne da ba ya gaisuwar rowa, sai ya tambayi lafiyar kowa har awaki. Na zaci tsohon zai fashe. Sai na ga ya karkata kai yana saurare, ya yi wa mai riƙe da sandar ɗaukar murya alama ya bar ta a buɗe.

Saura magana ɗaya, ita ce ta ido. Yana so in ɗago in kalli kyamara kai tsaye, in daɗe ina kallo. Shi kuma a bayanta yake zama, fuskarsa dab da ita. Ni tun da aka haife ni ban taɓa tsayar da ido a kan mai furfura ba. In ɗago, in ci karo da gemun nan, idona ya koma ƙasa da kansa. Ga kuma muryar Baba tana yi mini amsa-kuwwa a ka, ranar za ki haɗa kayanki, ranar za ki haɗa kayanki. Muka yi ta yi, kwana da kwanaki. Ran nan sai ya daina cewa in ɗago. Ya zauna yana kallona ta ƙaramin allonsa, na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya yi magana ƙasa-ƙasa.

Malam Isufu ya leƙo ya fassara. "Ya ce shekara hamsin shina biɗar wanga tsoro a fuskar mutane bai samu ba. Ya ce baƙin cikin duk wanda ya bar gida shina cikin idonki."

Goggo ta ce, "Wane baƙin ciki? Yarinyar da ta ci kaza jiya?"

Ni dai na san ba baƙin cikin kowa a idona. Tela ɗaya ne a Kurna.

Na rame. Wayata in ta yi ƙara sai in zaci Baba ne. Na tuna yadda bidiyon 'yar maƙwabtanmu da ta je Dubai ya zaga unguwa kafin ita kanta ta san an ɗauka. Na san ko a bayan duniya aka nuna fim ɗin nan, akwai ɗan Kano a wurin, kuma yana da waya.

Ranar ƙarshe a Zhanxi aka yi ɗauka, wurin lawban ɗin da muke sari. Goggo ta shiga ciniki da shi, suna ta danna kalkuleta suna tura wa juna, shi yana meyo meyo, ita tana rantsuwa da Hausa. Tsohon ya fita ya zauna a kan matakala yana hutar da ƙafa. Ban san inda na samo ƙarfin ba. Na bi shi, na tsuguna nesa kaɗan, na tattaro duk Turancin da na baro sakandare da shi, na faɗa wa takalmansa komai. Na ce ba kewar gida nake yi ba, ina son garin nan. Na ce tsoron da yake yabo na mahaifina ne, kuma ranar da fim ɗinsa ya fita, ranar zamana ya ƙare.

Na zaci bai gane Turancin ba, sai ya tambaye ni:

"Me ya sa kika ce kin yarda?"

"Kai babba ne."

Ya shafa gemu. Ya ce in ya cire ni babu fim, don duk a kaina ya gina shi. Ya ce amma shi ba zai sayi fim da rayuwar mutum ba, ya taɓa yin haka yana saurayi, bai ji daɗi ba. Sai ya ce in zaɓa. Ko ya cire ni yanzu, kowa ya huta, ko kuma in ya gama haɗawa ya aiko wa Baba ya fara gani kafin kowa a duniya. In Baba ya ce a'a, zai ajiye fim ɗin, ba mai sake ganinsa.

"Ban taɓa nuna wa kowa aikina kafin ya fita ba," in ji shi. "Ko waɗanda suke ɗaukar nauyinsa. Me mahaifinki yake yi?"

"Tela ne."

"To. Ya san yanka."

Da na ce a cire ni, da na yi barci a ranar. Amma na dubi tsohon nan da ya taso daga ƙasarsa da ciwon baya, ya sha sallamar mutanen Kano da Maraɗi har ya fara motsa baki in an yi, na ga ba zan iya rusa masa aiki a ɓoye ba. Kuma na gaji da ɓuya a bayan masu ƙiba. Na ce a kai wa Baba. Da na faɗa wa Goggo sai da ta zauna a kan kwali.

"Kin kai kanki! Ke wace irin yarinya ce? Mutum ya ga rami ya ce a ba shi tsani ya sauka?"

Watannin da suka biyo baya ba na son tuna su. Na haɗa rabin kayana na tura ƙarƙashin gado. Duk lawban ɗin da na saba da shi sai in riƙa yi masa kallon ban kwana. Da fim ɗin ya iso, Goggo ce ta tafi da shi Kano a kwamfutar Malam Isufu, ni aka bar ni da shago. Ranar da za a kalla, Inna ta kira ni ta jingina wayar a jikin fulas, yadda zan ga tsakar gida. Su can hantsi ne, mu nan la'asar ta yi. Na rufe shago, na zauna a kan kwalin da tsohon yake zama. Ga Baba a kan tabarma, ya sa tabarau, fuskar nan a haɗe. Goggo ta riga ta yi masa bayani. Ta danna kwamfutar.

Ga ni nan. Ni da kwalaye. Ina ɗaukar takalmi, ina neman ɗan'uwansa, ina sa su a leda. Baba ya kalla. Ya gyara zama. Ya kalla.

"Yaya, yaushe za a fara?"

"Ai an fara tun ɗazu."

Ya matso da fuska kusa da allo. Can sai murya ta fito daga cikin fim ɗin, wani yana sallama a bakin ƙofa.

"Wa alaikumus salam," in ji Baba, ya waiga zaure.

Inna ta ce, "Malam, a ciki ne."

Bai kula ta ba. Aka sake sallama, ya sake amsawa. Ashe tsohon duk gaisuwar Malam Isufu ya zuba a fim ɗin, daga farko har ƙarshe, ni ina zaune shiru, duniya tana gaisawa a bayan ƙofa. Baba bai bar ko ɗaya ta wuce ba. Har da aka tambayi ya iyali, na ji ya ce alhamdu lillahi. Tsakanin sallama da sallama kansa yakan yi ƙasa, sai wata ta tashe shi. Wurin da Goggo ta fito bai fi a sha ruwa a ajiye kofi ba, bayanta kawai aka nuna tana barci a kujera. Ta ce Allah ya isa leshinta.

Da allo ya yi baƙi Baba ya cire tabarau. Ya ce a miƙo masa wayar. Fuskarsa ta cika allona.

"Bara'atu."

"Na'am, Baba. Ina kwana."

"Abu ɗaya zan tambaye ki. Mutane suna ta sallama kina zaune kamar gunki. Haka na koya miki?"

Na ce, "Baba, Malam Isufu yana bakin ƙofa yana amsawa. Don haka aka ajiye shi."

"Shi ne mai tambayar awaki?"

"Shi ne."

"To, in ɗaya ya amsa ya ɗauke wa saura. Wannan mutumin kirki ne." Ya juya wajen Goggo. "Yaya, kin tayar mini da hankali a banza. Kin ce fim. Ina fim ɗin? Ba waƙa, ba rawa, ba wanda ya ce yana son wani. Yarinya tana aikinta, kanta a ƙasa, ko sau ɗaya ba ta ɗaga ido ta kalli namiji ba. Wannan ai ko a masallaci aka nuna ba mai cewa komai, sai dai a yi barci."

Na ce, "Baba, in haɗa kayan?"

"Ki haɗa ki je ina? Wa zai kula da shagon? Amma ki gaida mini tsohon nan. Ki ce na ga ƙoƙarinsa. Ki ce masa in yana da wata sana'ar hannu ya riƙe ta da kyau, don wannan ba za ta fisshe shi ba."

Na kashe wayar na yi kuka har lawban ɗin shagon ƙasa ya hawo da ruwan zafi a kofi.

Saƙon babba ba a riƙe shi. Da tsohon ya kira wayar Malam Isufu don jin hukunci, na tsaya daga gefe na ce a faɗa masa Baba ya yarda, yana kuma gaishe shi. Na so in tsaya a nan. Malam Isufu, wanda kullum sai ya yi wa magana kwaskwarima kafin ya fassara, ranar ya ga dama ya kai ta yadda take, har da sana'ar hannun. Na runtse ido. Sai na ji wani irin sauti kamar ana jan tebur a kan siminti. Na buɗe ido, na kalli allon, karo na farko na kalli fuskarsa sosai. Alhaji Shiru ne yake dariya, yana share hawaye da bayan hannu.

Malam Isufu ya ce, "Ya ce haka mahaifinshi ya hwaɗa mishi, shekara hamsin da suka wuce. Ya ce tun da tsohon ya rasu ba wanda ya sake gaya mishi gaskiya."

Na ji an nuna fim ɗin a ƙasashe, an miƙe tsaye, wasu har da kuka, wai saboda baƙin cikin da ke idona. Ni ban kalla ba, ba kuma zan kalla ba. Kayana na fito da su daga ƙarƙashin gado, ina nan ina hawa da sauka a Zhanxi. Ku kuma duk wanda ya tare ku a Kurna ya ce yayarku 'yar fim ce, kada ku yi faɗa da shi. Ku kai shi shagon Baba, ku ce ya maimaita maganar a gabansa.